Baba ya fara ba da labarin yaƙi bayan shekara 50 yana shiru: in sa a intanet ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Mahaifina tsohon soja ne, ya doshi shekara tamanin. Ya shiga soja a 1967 yana saurayi, ya yi yaƙin basasa har aka gama, ya yi ritaya yana saje. Tun tasowarmu bai taɓa buɗe baki a kan yaƙin ba, in an taɓo zancen ma tashi yake yi. Bara amininsa da suka yi bataliya ɗaya ya rasu, tun daga nan ya fara magana, musamman da ɗana mai shekara 12. Wata rana na ajiye waya kusa da shi na naɗi muryarsa wajen minti 40 bai sani ba. A ciki ya ba da labarin ranar da aka yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a Abagana, ya kira sunayen abokansa da suka mutu, ya kuma ambaci wani hafsa da suna, ya ce ya aikata abin da har yau ba ya son tunawa. Na yanki minti 2 na tura zauren WhatsApp na 'yan gidanmu, kafin dare ya kai ga mutanen da ban sani ba. Yayana ya yi fushi, ya ce na tona wa Baba asiri, zan jawo mana fitina. Mama ta ce duk ranar da ya yi wannan hira ba ya barci, in bar mata miji ya huta. Baba har yanzu bai san na naɗa ba. Ni kuwa gani nake lokaci na ƙurewa, don mantuwa ta fara kama shi. Akwai hotuna 7, da lambobin yabo 2, da takardar sallamarsa. Burina in buɗe shafi in adana duk wannan saboda jikokinsa da sauran jama'a. Naɗin a wayata kaɗai yake. In ci gaba ko in haƙura?

Daga wata 'yar uwarku. An taƙaita wasiƙar, an kuma cire suna.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan amininsa.

Tambaya ɗaya kika yi, amma aiki biyu ne a cikinta, kuma cakuɗa su da kika yi shi ya haifar da wannan rigima. Naɗar labarin Baba da adana shi aiki ne guda. Baza shi ga duniya wani aiki ne daban. Na farkon ba ya jira, tunda ba ki san watanni nawa suka rage kafin mantuwa ta ci ƙarfinsa ba. Na biyun kuwa ko shekara goma ya jira babu abin da zai ragu. In kika raba su za ki ga cewa fushin Yaya da damuwar Mama kusan duk a kan na biyun suke, da kuma yadda aka bi da na farkon.

Kafin komai, yau ɗin nan ki fitar da wancan minti 40 daga wayar. Waya kan faɗa ruwa, kan ɓata, kan mutu ba sallama. Ki jona ta da kwamfuta ki kwafe fayil ɗin yadda yake, ki ƙara kwafi ɗaya a filash. Kada ki tura wa kanki ta WhatsApp kai tsaye, domin manhajar na iya matse shi ta rage masa inganci; in dole sai ta can, ki bi ta maɓallin aika takardu. Wannan kwafi ajiya ce kawai kike yi wa mai shi har ya yanke hukunci.

Mai shi kuwa Baba ne, kuma nan zan faɗa miki abin da ba zai yi daɗin ji ba. Niyyarki mai kyau ce, amma kin yi kuskure sau biyu: kin naɗa a ɓoye, kin kuma tura. Mutumin da ya haɗiye magana fiye da shekara 50 ya zaɓi kunnen da zai zuba wa, ya zaɓi jikansa. Tunda yankin ya fita, ba abin mamaki ba ne wata rana wani ya tare shi ya ce, "Saje, ai na ji muryarka a waya." Gara ya ji daga bakinki. Ki same shi shi kaɗai, da rana, lokacin da ya huta, ki zauna ƙasa ki ce: "Baba, na yi maka laifi. Ranar da kake ba wa yaron nan labari na naɗi muryarka ban tambaye ka ba, na kuma tura wa 'yan gida wani yanki, ya wuce inda na nufa. Ka yafe mini. Ga shi nan, in ka ce a goge, a gabanka zan goge." Ki tsaya a nan. Kada ki biyo shi da hujjar tarihi da jikoki a wannan zaman, don sai ya ji kamar ban haƙurin ma dabara ce. In ya ce a goge, ki goge har da kwafin. Da ciwo, amma minti 40 na sata ba su kai awa goma da zai iya ba ki da yardarsa ba, kuma ba za ki samu waɗannan awoyin ba sai ya tabbata cewa in ya ce a'a za a ji.

Shi yankin da ya bazu, magana zarar bunu ce. Damar goge saƙo ga kowa a WhatsApp ba ta wuce kwana biyu da 'yan awoyi, kuma ba ta taɓa abin da wasu suka riga suka tura gaba. Abin da ya rage miki shi ne ki roƙi 'yan gida su goge nasu su daina turawa, ki kuma sake saurarar minti 2 ɗin. In sunan hafsan nan yana ciki, ki gaya wa Yaya da kanki yau, kada ya tsinta a wani wuri.

Maganar Mama ta fi ta kowa nauyi, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ke kina jin labarin da rana ki tafi, ita ce ke kwana da abin da ya biyo baya. Rashin barci, da mugun mafarki, da zabura in an ji ƙara, da fushi ba dalili, duk alamu ne da likitoci suka sani a jikin 'yan mazan jiya. A 1980 aka shigar da wannan ciwo na firgici bayan bala'i cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka dawo daga Biyetnam. Yakan kwanta shekaru da yawa ya tashi a tsufa, sau da yawa bayan ritaya ko rasuwar na kusa, irin yadda ta faru da Baba. Wasu tsofaffin sojoji sukan ji sauƙi in sun amayar, wasu kuwa fami ake yi musu, kuma naɗar labari ba magani ba ce. Saboda haka ki je wa Mama da sharuɗɗa a hannu. Zama da hantsi za a riƙa yi, ban da dare. Kowane zama minti 45 zuwa awa ɗaya, sau ɗaya a mako. Minti goma na ƙarshe a bar fagen daga a dawo gida: ranar da ya sauka daga mota, wanda ya fara gani, yadda suka haɗu da Mama. Bayan an tashi kada a bar shi shi kaɗai. Sannan ki ba ta ikon tsayar da aikin duk lokacin da ta ga daren ya yi tsanani, ba tare da musu ba.

A cikin zaman ki sa ido a kan hannunsa da idonsa. In hannu ya fara rawa, ko gumi ya karyo, ko ya ƙura wa wuri ɗaya ido, ko ya koma magana kamar abin yanzu yake faruwa, ki kashe na'ura, ki kira shi a hankali, ki miƙa masa ruwa, ki tuna masa inda yake da wanda ke tare da shi. Hawaye kaɗai ba dalilin tsayawa ba ne. Ki yi shiru, ki tambaye shi ko a ci gaba. In rashin barcin ya ɗauki mako biyu ko fiye, a ga likita, a kuma haɗa da maganar mantuwar, domin akwai mantuwar da ciwo ko magani ke kawowa wadda ake iya gyarawa. Wani abu kuma, Mama ma shaida ce. Ko bayan yaƙin ta aure shi, ita ta ga abin da ya dawo da shi. Ki nemi ta ba ki nata zaman, wataƙila ta daina ganin aikin kamar wani abu da ake yi wa mijinta a bayan idonta.

Shi ma Yaya yana da gaskiya, ko da ya faɗe ta da zafi. Zargin da Baba ya yi wa hafsan nan da suna, in kika wallafa shi, ke ce kika wallafa, kuma ba ki da wata hujja sai bakin mutum ɗaya bayan rabin ƙarni. Hafsan yana da 'ya'ya da jikoki, waɗanda abin ya faɗa wa su ma suna da nasu, kuma dukkansu suna intanet. An gama yaƙin a Janairun 1970, amma a shafukan sada zumunta har yau da ɗuminsa, kuma minti 2 da aka yanke daga jikin labari kowa na iya liƙa masa taken da ya ga dama. Akwai darasi a abin da ya faru da Kwalejin Boston ta Amurka. Tsakanin 2001 da 2006 ta naɗi hirarraki da tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa, bisa alkawarin ba za a buɗe ba sai mai maganar ya mutu. A 2011 hukumomin Birtaniya suka bi ta kotunan Amurka suka nemi faifan, aka tilasta miƙa wasu, har a 2014 'yan sanda suka tsare Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin a lokacin, na kwana huɗu suna yi masa tambayoyi kafin su sake shi. Babbar jami'a ke nan ta kasa riƙe alkawarinta. Don haka kada ki ce wa Baba "ba wanda zai taɓa ji." Ki gaya masa iya abin da za ki iya: inda za ki ajiye, da waɗanda ke da mabuɗi. Yaya kuwa ki ba shi aiki. Shi ne shaida ranar da Baba zai ba da izini, shi ne mai riƙe kwafi na biyu, kuma babu abin da zai fita sai ya saurara.

Izinin ba sai ya zama doguwar takarda ba. Shafi ɗaya ya isa, mai amsa tambaya huɗu: ya yarda a naɗa, su wa za su ji yanzu, wane ɓangare zai shiga intanet kuma yaushe, da sunansa za a sa ko a sakaya. A rubuta cewa yana da damar janyewa. A karanta masa da babbar murya na'ura na ɗauka, ya amsa da bakinsa, ya sa hannu. Ki yi wannan da wuri, tun hankalinsa na tare da shi sosai, domin izinin da aka karɓa bayan mantuwa ta yi nisa kowa na iya ƙalubalantarsa. Ki raba labarin gida uku tun farko: na kowa da kowa, na iyali kaɗai, da wanda za a rufe sai bayan shekara kaza da rasuwarsa. Maganar hafsan nan a gida na uku take.

In an kai ga zaman kansa, wayarki ta isa, amma ki sani murya ta fi hoto muhimmanci. Bidiyo mai duhu ana haƙuri da shi, muryar da ba a ji kuwa asara ce. Ki samu ƙaramin makirfo mai maƙalewa a riga, ki maƙala shi kamar santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓarsa, inda tufa ba za ta riƙa gogarsa ba. Ki zaɓi ɗaki mai labule da kujerun katifa, don ɗakin da babu kaya amsa kuwwa yake yi. A kashe fanka da talabijin. Kunne yakan manta da ƙugin fanka, makirfo ba ya mantawa. Ki sa wayar a yanayin jirgin sama kada kira ya katse naɗin, ki cika caji, ki duba wurin ajiya. In murya kaɗai za ki ɗauka, ki yi amfani da manhajar da ke ajiyewa a tsarin WAV, ki saita ta a kilohaz 48 da bit 24, wanda awa ɗaya kan ci kusan megabait 500 a layin murya guda. In bidiyo ne, saitin ingancin hoto na 1080 ya wadatar, yakan ci gigabait 4 zuwa 8 a awa. Ki bar 4K, zafi yake sa wa waya ta tsaya a tsakiyar magana. Ki kwantar da wayar a kaikaice, ki kafa ta daidai idonsa a kan abin da ba ya motsi, taga tana gabansa. In tana bayansa fuskarsa baƙi za ta fito. Ki ajiye waya ta biyu tana naɗar murya saboda tsaro. Ki gwada daƙiƙa 30, ki saurara da abin kunne, sannan ki fara da faɗin kwanan wata, da wuri, da sunansa, da naki.

Kuskuren da masu hira suka fi yi shi ne yawan baki. "Eh, eh", "Allah sarki", "to, to" duk suna hawa kan muryarsa, kuma ba sa cirewa. Ki riƙa gyaɗa kai. In ya yi shiru, ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce komai, don yawanci bayan irin wannan shirun ne abin da ya fi nauyi ke fitowa. In ya ce "shi ke nan" kada ki yi saurin kashewa.

Kada ki fara da Abagana. Ki fara da yaron da yake kafin kaki: me yake yi, wa ya kai shi wurin ɗaukar kurata, me mahaifiyarsa ta ce. Sojan Nijeriya bai wuce kimanin mutum 10,000 ba kafin yaƙin, ya kai kusan 250,000 a ƙarshensa, don haka da yawa horon 'yan makonni kawai suka samu aka tura su bakin daga. Ki tambaye shi nasa mako nawa ne, wa ya koya masa riƙon bindiga, takalmin farko ya yi masa daidai ko ya yi masa yawa, wace waƙa suke yi a fareti, wane laƙabi aka sa masa, yaya rami yake in ruwan sama ya sauka, ta yaya wasiƙa ke isa gida. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne babu su a littattafan hafsoshi. Tambayar da amsarta "eh" ko "a'a" ce ba ta buɗe baki. "Yaya aka yi" da "sai me ya faru" su ke buɗewa. Tambaya ɗaya ce haram a wannan aiki, wato mutum nawa ya kashe. In zai faɗa, da kansa zai kawo. Ɗanki ya zauna a zaman farko-farko tunda shi Baba ya zaɓa, har ya yi wasu tambayoyin, amma ranar da za a shiga ɓangare mai nauyi a ba shi uzuri. Shekara 12 ba ta kai ɗaukar wannan kaya ba.

Ki yi shiri kafin ki zauna. Takardar sallama tana ɗauke da lambar aikinsa da ranakun shiga da fita. Runduna uku ne manya a ɓangaren tarayya: ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad, ta uku ƙarƙashin Benjamin Adekunle kafin Obasanjo ya karɓa a 1969. Ayarin runduna ta biyu ne aka yi wa kwanton ɓauna a Abagana, kan hanyar Onicha, ranar 31 ga Maris 1968. Sanin wannan zai sa ki gane inda labarinsa ya dosa. Amma in Baba ya ce a 1969 aka yi, kada ki gyara masa. Ƙwaƙwalwa takan riƙe wari da ƙara da fuska daram, ta saki kwanan wata, ta kuma haɗe rana biyu su zama ɗaya. In kika gyara masa sau biyu zai fara shakkar kansa ya rufe baki. Ki bar maganarsa yadda take, ki sa gyaran a gefe cikin rubutu. Bayan kowane zama ki bi sunayen da ya kira ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta cikakken suna da muƙami da inda mutumin ya faɗi. Wataƙila akwai gidan da har yau ba su san inda nasu ya kwanta ba, kuma wannan jerin sunaye ya fi komai amfani gare su.

Hotunan nan 7 a yi musu sikan a ɗigo 600 kowane inci, da launi ko da baƙi da fari ne, a ajiye a tsarin TIFF, gaba da baya, don sau da yawa rubutun bayan hoto ya fi gabansa bayani. Takardar sallama ɗigo 300 zuwa 400 ya ishe ta. In da waya za ki ɗauka, ki yi a inuwa da hasken rana, ban da filasha, wayar tana daidai saman takardar. Kada a kai su a liƙe da roba mai zafi, don zafin da gam ɗin suna cin takarda kuma ba a warwarewa. Ban da salatif, ban da biro. Fensir mai laushi a bayan hoto ya isa. Lambobin yabo kada a goge su da man ƙyalli, a ɗauki hotonsu gaba da baya da gefe yadda suke. A kwafin da zai shiga intanet ki rufe lambar aiki da ranar haihuwa da sa hannu da duk abin da ya shafi fansho, don da irinsu 'yan damfara ke aiki.

Yanzu maganar shafin da kike buri. Shafin sada zumunta allon talla ne, ba a ajiye gado a kansa. GeoCities, da miliyoyin mutane suka gina shafukansu a kai, an rufe shi a 2009. Shafin sada zumunta na MySpace ya sanar a 2019 cewa waƙoƙin da aka ɗora tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori. Google kuma tun Disamban 2023 yana da ikon goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Shafin kanki ma, ranar da mai biyan kuɗin sunansa duk shekara ya daina biya, ya tafi. Abin da ke riƙe labari shi ne kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani gida daban: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan ajiya na waje a hannun Yaya, ɗaya a ma'ajiyar intanet. Filash da memori ba abin dogaro ba ne na shekaru, sukan zubar da abin da ke ciki in sun daɗe ba a jona su ba. Ki ware rana ɗaya a shekara, ko 15 ga Janairu ta tunawa da 'yan mazan jiya, ki buɗe kowane kwafi ki tabbatar yana aiki, ki kuma sauya faifan kamar duk shekara biyar. Fayil na asali ba a yanka shi. A kwafi ake aiki. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan lambar zama. Kalmar sirri ta kasance a hannun mutum biyu, ki kuma saita magajin asusu, wanda Google da Facebook duk suna da tsarinsa.

Sai rubutu, wanda shi ne ya fi cin rai. Mayar da awa ɗaya ta magana zuwa takarda kan ci awa biyar zuwa takwas. Kada ki bari wannan ya tsayar da ke. Ki fara da jadawali: minti kaza horo, minti kaza tsallaka kogi, minti kaza sunayen abokai. Cikakken rubutun ya biyo baya, da kalmominsa yadda ya furta su, har da Hausar bariki da Turancin soja. Fassara a yi ta daban. Manhajojin da ke rubuta magana da kansu sukan kwafsa a sunayen mutane da garuruwa, sai an bi da kunne. In an gama a buga kwafi biyu ko uku a takarda, don ita ba ta neman caji ko kalmar sirri.

Abin da Baba ya saurara ya ce a fitar, shi kaɗai zai fita. A YouTube akwai mataki uku: na kowa, na mai mahaɗi, da na waɗanda aka gayyata. Na tsakiyar ba sirri ba ne, duk wanda ya samu mahaɗin zai iya turawa, kin kuwa ga yadda turawa take. Internet Archive, ma'ajiyar intanet ta jama'a da ke aiki tun 1996, ya fi dacewa da ajiya mai tsawo, amma abin da aka sa can kowa na iya saukewa, don haka ɓangaren nan na kowa da kowa kaɗai za a kai. Ki ɗora zama cikakke tare da bayanin wanda ke magana da ranar naɗi, kowane gajeren yanki kuma ya nuna hanyar zuwa cikakken. Ki rufe sharhi ko ki riƙa tacewa, kada dattijo ya tsufa da karanta zagi. Masu wannan aiki da gaske haka suke yi. Ɗakin karatu na Majalisar Amurka, da ya fara tattara labaran tsofaffin sojojin ƙasar a 2000, ba ya karɓar hirar da ta gaza minti 30 ko wadda babu takardar izini. BBC ta tara labarai kimanin 47,000 na Yaƙin Duniya na Biyu daga bakin jama'a tsakanin 2003 da 2006, kuma sun rayu ne don akwai cibiyar da ta ɗauki nauyinsu. Ke ma ki nemi irin wannan jingina: Gidan Arewa a Kaduna, ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, ko Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia, ko sashen tarihi na wata jami'a. Ki tambaye su a rubuce ko suna karɓar naɗin murya, da ko za su mutunta sharaɗin rufewa. Kwafi za ki ba su, asali ya zauna a gida.

In kuma Baba ya ƙi, akwai sauran hanyoyi. Wani dattijon kyamara ce ba ya so, murya kaɗai zai yarda. Wani zai yarda ki rubuta a littafi yana faɗa. Wani zai ba da labarin rayuwarsa duka ya tsallake shekara ukun nan, kuma hakan ma riba ce. Mafi ƙaranci, ya faɗa miki sunayen mutanen da ke cikin hotuna, aikin da ba zai wuce rabin awa ba, kuma bayan shi babu mai iya yi.

Da wannan ma nake so ki fara, in ya yafe miki ya kuma amince. Ki bar mako ɗaya ya wuce. Ranar zaman farko ki zo da hotunan, ki zaro wanda amininsa yake ciki ki sa masa a hannu, ki danna naɗi, ki ce: "Baba, a ina kuka fara haɗuwa da shi?"